Babi na Bakwai: Gona Ba Ta Jiran Soja

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta a watan Agusta, ko ya ɗauki ta Katsina ya ratsa Dawanau da Bichi har Tsanyawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga abin da za a kira daji ba. Gero ne da dawa da wake da gyaɗa, gona na dafe da gona, sai layin gamba ko na lalle da ke nuna inda ta wane ta tsaya, ta wane ta soma. Gawo da ɗorawa da kukar da ke tsaye a ciki ma kowace da mai ita. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙasar nan daga Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960 kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya nuna cewa tun a wancan lokaci manoman kewayen Kano sun daina barin gona ta huta. Kowace shekara ana noma ta, abin da ke riƙe da ita kuwa taki ne: na awaki da tumaki, da toka da sharar gida, da mangalar da a da jakai ke ɗaukowa daga birni bayan sun kai itace. Ƙasa mai yashi irin wannan, in ta yi damina uku ba a zuba mata komai ba, wuta-wuta ce za ta gaje ta.

Daga irin wannan ƙasa ne saurayi ɗan shekara 20 yake sallama da iyayensa ya nufi Defo a Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924. Ba shi ya fara ba. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Najeriya sama da 100,000 suka sa kaki, da yawansu suka yi yaƙi a dazuzzukan Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Barikin Bukavu da ke Kano ya samo sunansa ne daga wani gari a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya kumbura rundunar daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, kuma ƙauyukan Kano sun ba da nasu kason. Sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sai Darfur, sai Borno tun 2009. Kowane zamani da nasa 'yan mazan jiya, amma tambayoyin da suke dawowa da su gida ba su cika canzawa ba.

Ta farko, wadda ba a yin ta a majalisa, ita ce ta gona. Soja ya tafi ya bar mahaifinsa da rai, ana gandu, 'yan'uwa na noma tare, in an tashi kowa ya shiga gayaunarsa. Yana Monrobiya ko Maiduguri aka aika masa cewa tsoho ya cika. Ya samu fas na 'yan kwanaki, ya zo ya karɓi gaisuwa, ya koma bakin aiki. Rabon gado kuwa ko dai aka ce a bari sai hankali ya kwanta, ko kuma aka raba da baki, aka nuna nasa kason, ƙaninsa ya ce zai riƙe masa. Shekara 20 ƙanin nan yana kai taki, yana noma, ya aurar da 'ya'ya da abin da gonar ta bayar. Yau ga Yaya ya dawo da akwatinsa da takardar sallama.

A shari'a maganar ba ta da duhu. Rashin zama a gari ba ya soke gado, kuma in aka je gaban alƙali, sojan zai karɓi haƙƙinsa. Sai dai abin da ƙanin zai faɗa shi ma gaskiya ne: “Yaya, gonarka ce, ban musa ba. Amma ni ina zan sa yaran nan?” Gonar da ke ba da dami 40 a yau, guminsa ne ya kai ta nan. Da an bar ta yadda mai ita ya bar ta, da ba abin da za a yi jayayya a kai. Shi ya sa mai unguwa da liman da dagaci suka fi son a gama irin wannan magana a zaure. Sulhun da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya ba mai takin damar cin damina ɗaya ko biyu kafin ya saki, ko ya bar masa wani yanki aro, a gaban shaidu. Sojan da ya zo da muryar fareti ya ce a fita masa daga gona gobe, zai samu gonar, ya rasa mutanen da za su taya shi gayya, su ɗauki gawarsa ranar da ta zo.

Ga wanda har yanzu yake cikin kaki, shawarata ita ce kada ya jira ranar sallama. In an yi rasuwa, a raba gado, a rubuta, dagaci ya sa hannu. In ya ba ɗan'uwansa aro, ya riƙa aiko da kuɗin buhun taki kowace damina da sunansa, in kaka ta yi kuma a kai wa iyalinsa ko da dami ɗaya ne. Damin nan ba don ci ba ne. Shi ne shaidar da kowa a unguwa zai tuna, cewa gonar nan tana da mai ita.

Ko da ya karɓi kason nasa cikin lumana, wata tambayar tana gaba: zai ciyar da shi? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, uba ya raba da 'yan'uwa biyar, yanzu 'ya'ya tara za su raba ta uban. Sai ya ce to bari ya saya. Amma da zarar an ji garatutin Saje ya fito, kuɗin gona ya tashi. A Ungogo da gefen Gezawa da Minjibir da Dawakin Tofa kuwa, inda birni ke cin ƙauye, ba da manomi zai yi takara ba, da mai yanka fulotai ne. Hanyoyin da suka rage su ne jingina, ko hayar fili a bakin ruwa don noman rani, a Watari ta Bagwai ko Tomas ta Dambatta, cikin madatsun da aka faro tun zamanin Audu Bako. Akwai kuma kiwon turke, wanda ba ya bukatar fili mai yawa: raguna don layya, ko sa ɗaya ko biyu, da harawa da dusa, su ba shi kuɗi su kuma ba gonar taki. Duk hanyar da ya zaɓa, sai ya yarda cewa a nan shi ne kurtu. Mutumin da ya bar fartanya yana ɗan 20 ya manta wace gona ake yi wa binne, wane irin wake ke isa kafin ruwa ya ɗauke. Ƙanin da yake jayayya da shi shi ne malaminsa.

Maganar kuɗi tana da fuska biyu. Garatuti ruwan sama ne mai ƙarfi a kan yashi, fansho kuwa rijiya ce. Na farkon yana zuwa sau ɗaya, kuma kafin ya iso an riga an raba shi a baki: gini, ƙarin aure, a-daidaita-sahu, bashin ɗan'uwa, da masu zuwa da labarin kasuwancin da ke ninka kuɗi cikin wata guda, irin MMM da ta rushe da dukiyar mutane a ƙarshen 2016. Fansho kuwa ko bai da yawa yana zuwa kowane wata, kuma a garin da manomi ba ya ganin kuɗi sai kaka, wannan ba ƙaramin ƙarfi ba ne. Mai fansho yana iya sayen hatsi lokacin da yake araha ya ajiye, ya sayi taki kafin ruwa ya sauka, ba sai ya sayar da akuya a bazara ba. Wahalarsa ita ce kowa a dangi ya san ranar da alat ke shigowa. Wanda bai ware abin gida da abin taimako tun farkon wata ba, zai kai tsakiyar wata yana cin bashi a shagon unguwa.

Fanshon soja yana hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja. Dokar 2004 ta sa sojoji cikin tsarin da ake cirar wani kaso daga albashi ana tarawa, amma gyaran da aka yi a 2011 ya fitar da su, suka koma gwamnati ce ke biya kai tsaye. Sai mutum ya yi shekara 10 yana aiki kafin ya cancanci fansho, iyakar aikin kuma shekara 35. A da shekarun cancanta sun fi haka yawa, shi ya sa da yawa cikin waɗanda aka ɗauka don yaƙin basasa aka sallama bayan an gama, suka koma gona hannu rabbana. Wasunsu har suka rasu suna bin wannan magana. Masu karɓa ma ba su huta ba: a Janairun 2022, da kuma Janairun 2025, tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya saboda haƙƙoƙin da aka riƙe musu. Dattijo mai furfura da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa bai kamata ya shimfiɗa tabarma a bakin titi kafin a ba shi abin da doka ta ce nasa ne ba.

Wani abin da ke tsayar da fanshon mutumin ƙauye, wanda kuma ana iya maganinsa tun da wuri, shi ne saɓanin suna. A da, mai ɗaukar kurata yakan rubuta sunan mutum ya bi shi da sunan garinsu, ko ya ƙiyasta masa shekaru da ido. Yau kuwa ana so sunan da ke takardar sallama ya dace da na BVN da na NIN, harafi da harafi. In an zo tantancewa aka ga a nan Muhammadu, a can Mamman, sai kuɗi su tsaya, dattijo ya kama hanyar Kano da Abuja da kuɗin motar da ba shi da su.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne gurbin da soja ke rubuta sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Ranar da ya cike takardar nan saurayi ne, ba mata ba ɗa, don haka ya sa sunan mahaifinsa ko wansa. Ya yi aure, ya haifi shida, wataƙila ya ƙara ta biyu, bai koma ya gyara ba. Ranar da ya faɗi, hukuma za ta nemi wanda ke rubuce. In mai tsoron Allah ne, ya karɓo ya kawo a raba. In ba haka ba, matar da marayu su bar bariki su dawo ƙauyen da ba su saba da shi ba, suna kallon kawunsu yana gini. Ya kamata limamai su riƙa faɗa a fili cewa wanda aka rubuta sunansa wakili ne kawai, ba mai dukiya ba. Abin da mamaci ya bari na magada ne, kowa da kason da Allah ya yanka masa, kuma ba wata takardar ofis da ke halatta cin na maraya. Shi kuma sojan, duk lokacin da aka yi aure ko haihuwa ko rasuwa a gidansa, ya je ofis ya sabunta takardunsa, ya kuma nuna wa matarsa inda suke.

Sai tambayar ilimi, wadda tsohon soja kan yi da ɗan jin nauyi: abin da na iya, wa zai yarda na iya shi? Waɗanda suka dawo daga Bama sun zo da tuƙin mota da aikin waya da karatun boko, a zamanin da masu waɗannan ba su da yawa. A 1945 gwamnatin Turawa ta yi dokar da ta nemi ma'aikatu su riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji, amma mafi yawansu gadi da masinja da aikin ɗan doka suka samu. Shekara 80 bayan haka, har yanzu gadi ne aikin farko da ake yi wa tsohon soja tayi. Ga mutumin da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci, ko haɗa na'urar sadarwa, ko ɗinke rauni a bakin daga, amma in ya fito ba shi da takardar da asibiti ko kamfani zai karɓa. Ba zai iya buɗe ko shagon magani ba sai da lasisin hukumar masu harhaɗa magunguna. Wannan asara ce ga ƙauyukan da asibitinsu ke da ma'aikaci ɗaya, injin ban-ruwansu kuma in ya lalace sai an kai shi birni.

Amurka ta yi doka a 1944 wadda ta biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙi kuɗin karatu da na koyon sana'a, kuma kusan mutum miliyan 8 suka amfana. Mu ba mu da irinta. Abin da muke da shi shi ne cibiyar Oshodi a Legas, inda masu shirin ritaya ke yin kwas na wata shida a kan kiwon kaji da kifi, ɗinki, walda, kafinta da makamantansu. Tana da amfani, amma wata shida a ƙarshen shekara 35 ya yi kaɗan, kuma ya zo a makare. Hanyar da ta fi ita ce soja ya nemi shaidar sana'arsa tun yana aiki: jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko ta NABTEB, ko karatu a jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a Kano. Wanda ya riga ya fito ma ƙofa ba ta rufe ba. JAMB ba ta da iyakar tsufa. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Dambatta, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta fasaha tana Bichi, kuma ga wanda bai gama ko firamare ba, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, tana da azuzuwa. Abin da ke hana mutane ba kuɗi kaɗai ba ne, har da kunyar zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansu.

Akwai kuma karatun da a ƙauye ya fi kowanne ɗaga mutum. Sojoji da yawa suna dawowa da jin cewa sa'o'insu sun wuce su a littattafan addini. Na fi girmama tsohon samanjan da ya durƙusa a zauren malam bayan magariba ya ɗora daga inda ya tsaya, a kan wanda girman kai ya hana. Zaman nan yana mayar da shi cikin mutane fiye da duk wata kyauta da zai raba. 'Ya'yansa ma, waɗanda suka tashi a bariki da makarantun Command, Turancinsu ya fi Hausarsu ƙwari, suna bukatar wanda zai ja su a jiki maimakon a riƙa yi musu gorin tashin bariki.

Tambayar da tsohon soja ba ya yi wa kowa, matarsa ce ke fara sanin ta. Ba ya barci. In taya ta fashe a titi ko aka harba bindiga a hawan sallah, sai jikinsa ya ɗauki rawa. Yana zama inda zai ga ƙofa. Ƙaramin abu ya sa shi ihu a kan yara, daga baya ya shiga ɗaki ya yi shiru har yamma. Mutanen gari su ce soja ne, a bar shi, ko su ce iska ce, ko an yi masa sammu. Addu'a da ruƙiyya suna da muhallinsu, ba mai hana su. Amma wannan ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma likitoci suna da maganinsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yana kan hanyar Bichi, Asibitin Malam Aminu Kano ma yana da sashen, kuma tsohon soja yana da inshorar lafiya ta DHML da ya kamata ya tabbatar an yi masa rajista da ita. In ba a kai shi ba, shi zai nema wa kansa magani, sau da yawa a wajen mai sayar da tiramol.

Samari kuwa suna zuwa masa da tasu: “Baba Saje, in cike fom?” Amsar gaskiya ita ce fom kyauta ne, ana cike shi ta intanet, ana neman sakamakon sakandare da takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ɗan damfara ne. Sauran amsar, ta abin da aikin ke ci a jikin mutum da iyalinsa, shi kaɗai ne a garin ya isa ya ba da ita, kuma bai kamata ya rage komai ba.

A 'yan shekarun nan wata sabuwar bukata ta taso. Ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina sun fara ganin 'yan bindiga, kuma in hankali ya tashi, ƙofar tsohon soja ake fara bugawa. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Gwamnatin Tarayya ma ta san darajar abin da ke kan mutanen nan, shi ya sa a 2017 ta fito da wani alawus na musamman don kada talauci ya sa wanda aka sallama ya sayar da horonsa ga miyagu. Amma tsohon soja farar hula ne, doka ba ta ba shi izinin riƙe bindigar yaƙi ko yanke wa kowa hukunci ba, kuma abin da ya faru a Zamfara, inda kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a ya ƙara rura wutar, ya isa gargaɗi. Abin da zai bayar ya fi harbi amfani. Ya san yadda ake tsara sintiri a raba dare, yadda ake kai rahoton da jami'an tsaro za su iya aiki da shi, yadda ake tsayar da jini kafin a kai mutum asibiti, da yadda ake hana saurayi mai zafin kai taɓa wanda aka kama. Kafin a ci moriyar wannan sai an san su wane ne, suna ina, me kowannensu ya iya. Ƙungiyar 'yan mazan jiya tana da rassa da sunayen mambobinta. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma suna iya neman jerin nan su zauna da su, ba sai ranar 15 ga Janairu da ake kiran su fareti ba.